Kazarsa Halal Ce, Shi Ne Haram?

A tashar Malanville, nesa kaɗan da gadar da ta haɗa mu da Gaya, akwai wani dattijo mai suyar kaji da nake cin abinci a rumfarsa tun ina yaron mota. Ɗan daudu ne, Bakano, zane ɗaure a ƙugu, baki kamar aska. A shekarar 2000 ya baro Kano, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, aka shiga rufe gidajen mata masu zaman kansu da sauran wuraren da irinsa ke hira da dare. Bai sake komawa ba. Rasuwar mahaifiyarsa ma a bakin direbobi ya ji ta.

Kwanan baya wani alhaji mai fataucin shinkafa ya cinye kaza guda a rumfar, ya suɗe yatsu. Muna shiga mota ya ce da ni irin waɗannan kashe su ya kamata a yi. Maganar ta hana ni barci.

Ni ba malami ba ne, ban zo ba da fatawa ba. Hukuncin luwaɗi kowa ya ji shi. To amma wa ya halatta mana bin diddigin mutane da leƙen asirinsu? Tajassusi ma haramun ne, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi shaidu huɗu ta gindaya, waɗanda suka gani da idonsu. A watan Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi, aka cika gari da zancen luwaɗi, daga baya tuhumar ta koma sa kayan mata da zaman banza. Sunayensu fa, wa ya wanke? A Disambar 2022 Hisbar Kano ta kama mutum 19, wai bikin auren jinsi.

Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga duk wanda ya buɗe ko ya shiga kulob ɗin masu neman jinsi. Ku faɗa mini, wa take kamawa? Mai kuɗi yana da gida mai katanga a Abuja, ko ya tsallako Kwatano inda babu irin wannan doka. Mai kaskon suya ake aske wa kai.

Masu cewa Turawa ne suka kawo mana daudu kuwa, su tambayi kakanninsu waɗanda ake gani a filin bori. Su kuma tambayi wasu iyayen gidansu wa ke yi musu kawalci a Sabon Gari da daddare, kafin su yi asubanci zuwa sahun gaba.

Ranar Juma'a na sake ganin alhajin a rumfar. Kaji biyu ya sa aka ƙunshe masa, wai na uwargida, har yana neman a ƙara yaji.