Gadin Itace Ba Abin Dariya Ba Ne

Wani yaro a layinmu, nan Maamobi, ya samu gurbin karatu a jami'ar da ke Sunyani, fannin kula da gandun daji. Da labarin ya iso majalisar da muke zama bayan la'asar, sai aka kwashe da dariya. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Duk wannan karatu, ashe gadin itace za a je yi?" Uwar yaron kuwa har gida aka bi ta kamar ana mata jaje. Ba a yi wata uku ba dangi suka haɗa kuɗin biza, yaro ya tafi ƙasar Larabawa wankin mota. Wannan dariyar ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Mu 'yan Zango muna taƙama cewa mu 'yan birni ne, daji na mutanen ƙauye ne. To me ya kawo kakanninmu ƙasar nan? Goro. Fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, don sayen ɗan itacen da ke fitowa daga kurmin Asante. Da yaƙin Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, da yawansu suka gangaro Kete Krachi da Kumasi da Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra. Ashe jikan mai fataucin goro ne yau yake yi wa mai tsaron kurmi dariya.

A bar tarihi, a leƙa madafa. Mai waakye a Nima, mai tuwo a Tudu, mai tsire a bakin titi, da me suke hura wuta? Buhunan gawayin da ake saukewa kullum daga wajajen Kintampo da filayen Afram suke zuwa. Shanu da ragunan da muke ciniki a kasuwar Tulaku ciyawar daji suka ci. Duk ranar da wuta ta lashe can, sai mun ji a aljihunmu nan.

Wanda ya kai shekara hamsin ba ya bukatar a ba shi labarin 1983. Fari ya zo, hunturu ya yi tsanani, gobarar daji ta bi gonakin koko da na abinci ta cinye, ga kuma 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya a farkon shekarar. Mutane sun rame har ƙashin wuya ya fito, aka riƙa kiransa sarƙar Rawlings. An yi layin abinci a cikin Ankara, a unguwannin da ba su taɓa ganin harshen wannan wuta da ido ba. Daga wannan masifa aka yi dokar hana ƙona daji, aka sake ta a 1990, wadda ta ce a kafa ƙungiyar 'yan sa-kai masu kashe wuta a kowane gari, kowace gunduma kuma ta sami kwamitinta.

Aikin nan kuwa ba tsayuwa ba ce da kulki a gindin bishiya. Ilimi ne. Malamin daji shi ke sanin inda za a share gyaɗar wuta tun kafin rani, wato fili mai faɗi da babu ciyawa, wanda wuta ba za ta iya tsallakewa ba. Shi ke sanin lokacin da za a yi ƙuna da gangan, a farkon rani ciyawa na da sauran danshi, don kada ta taru ta zama makamashi a watan Janairu. Ana koyar da wannan a Sunyani da jami'ar KNUST ta Kumasi. Hukumar Gandun Daji, wadda aka kafa a 1999, tana da sashen daji da na namun daji da na katako. Hukumar 'yan kwana-kwana tana nan tun 1963. Ku ƙirga mini 'ya'yan Zango nawa kuka sani a cikinsu. Ni yatsun hannu ɗaya sun ishe ni.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Duk rani in wuta ta tashi, sunan da ake fara kira shi ne na Bafulatani. Ba zan yi ƙarya ba, akwai makiyayan da ke sa wuta don sabuwar ciyawa ta tsiro. Amma akwai mafarauta masu neman gafiya, akwai masu cirar zuma, akwai manomin da ya sa wa gonarsa wuta ya tafi gida. Mun ga yadda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka a Agogo. A teburin da ake yanke hukunci kan waɗannan abubuwa, wa ke jin harshen makiyayi? Yaron Nima da ya tashi da Hausa da Twi da Turanci a baki ɗaya, shi ne ya fi kowa dacewa da wannan kujera. Mu da kanmu muka hana shi zama.

Za a ce albashin ba yawa, aikin kuma da haɗari, musamman yanzu da 'yan galamsey ke shiga gandun daji da makamai. Haka ne. To hanyar Agadas zuwa Libiya da yaranmu ke bi, ita ba ta da haɗari? Wannan ba mu taɓa yi mata dariya a majalisa ba, addu'a muke raka ta da ita.

Sarakunan Zango da limamanmu, Allah ya ja zamaninku, ku gafarce ni. Ranar 11 ga Yuni 2021, da aka fara shirin Green Ghana, an fito da manyan riguna, an dasa, an ɗauki hoto. Wa aka ɗora wa ban ruwa washegari? A 2022 da gwamnati ta cire fiye da eka 300 daga gandun dajin Achimota, wanda aka keɓe tun 1930, ƙasa ta ɗauki zafi, amma mu da muke shaƙar iskarsa muka yi kamar maganar wata ƙasa ake yi. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ya ga an shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba, mun gode. Sai dai ina so in ga ranar da sarakunanmu za su je gabansa da takarda ɗauke da sunayen yara goma, maza da mata, su ce ga waɗanda muke so a biya wa karatun daji.

Huɗuba ɗaya a watan Nuwamba, kafin hunturu ya kankama, ba za ta gagari kowane masallaci ba. Direbobin da ke ɗauko gawayi da dillalan shanu duk suna cikin sahu, kuma su ne ke kai magana har inda ake kyasta ashanar. Shi kuwa yaron layinmu, ya kira uwarsa kwanan baya yana tambaya ko takardar shigarsa jami'a tana nan. Ta ce tana ƙarƙashin katifa.