Filin Direba Da Makanike: Ran Dainamo Yana Hannun Iska

Tun da masana'antar Volkswagen ta Ojo a Ikko ta fara harhaɗa motoci a 1975, motar nan mai siffar kunkuru ta zama ta malamin makaranta da ɗan kasuwa. An daina ƙera ta a duniya a 2003, amma wanda ya gaji irinta ya san ba ta da lagireto. Iska kaɗai ke sanyaya injinta.

Abin da masu ita su kan manta shi ne, dainamon da ke cajin batir shi ma da iskar nan ya dogara. Fambel ɗaya ne ke juya dainamo, fankar inji kuwa tana ɗaure a ƙarshen sandarsa, kuma wani kaso na iskar ta cikinsa ya ke bi.

Cikin dainamo wayar tagulla ce aka nannaɗe. Duk lokacin da wuta ta bi ta sai ta yi zafi, tagulla kuwa in ta yi zafi ta kan ƙara taurin kai wajen barin wuta ta wuce. Ƙarin zafi na digiri 50 a ma'aunin Salshiyos ya kan ƙara wannan tauri da misalin kashi 20 cikin 100. Saboda haka dainamon da aka ƙera don ya ba da amfiya 30 ba zai jure ba da ita ba sai iska na ratsa shi. In zafi ya yi yawa, rufin wayar ya ƙone, dalmar da ta haɗa ta ta narke.

A Masaka, kan hanyar Keffi zuwa Abuja, mai irin wannan mota yana fama da abu biyu. Cikin cunkoson Mararaba inji na juyawa a hankali, dainamo ba ya caji sosai, fitilu na shan batir da dare. Da hanya ta buɗe sai nauyin cika batirin ya faɗo masa gaba ɗaya. In ƙurar hunturu ta gauraya da mai ta toshe kafofin iska, a nan ne zai ƙone.

Maganin ba shi da tsada. Direba ya share kafofin, ya danna fambel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da milimita 15. Kada ya ɗora wa dainamo manyan fitilun da suka fi ƙarfinsa.

In jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, ya tsaya nan take ya duba. Mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, fanka ta tsaya. Wanda ya ce bari ya ƙarasa gida tukuna, maimakon kuɗin fambel sai ya biya kuɗin inji.