Masu aikin gayya a gaɓar Versova



A Oktoban 2015, wani lauya mai suna Afroz Shah ya fara tsince shara a gaɓar tekun Versova da ke Mumbai, ƙasar Indiya, shi da wani dattijo maƙwabcinsa. Leda da robobi sun binne yashin wurin kaf.

Kowane ƙarshen mako sai jama'a su ƙaru: masunta, 'yan makaranta, har da taurarin fim. Abin yabawa shi ne yadda suka riƙa shiga unguwannin talakawa suna wayar da kai a daina zuba shara a magudanan ruwa, domin ta nan take kwararowa zuwa gaɓar.

A Maris 2018 ƙwan kunkurun teku ya ƙyanƙyashe a gaɓar, bayan kusan shekara 20 ba a ga hakan ba. Ya dace mujallar nan ta ba wannan aiki shafi guda.

Daga mai karatu