Fred Brooks: Abin da Kamfani Ya Koya wa Malamin Jami'a

Sharhinmu na yau a kan Fred Brooks ne, injiniyan kwamfuta ɗan Amurka da ya rasu a watan Nuwamban 2022 yana da shekara 91. Ya yi aikin kamfani, ya koyar a jami'a, ya yi bincike, kuma kowanne cikin ukun nan ya ƙara wa sauran ƙarfi.

Da kammala digirinsa na uku a Jami'ar Harvard a 1956, sai ya kama aiki da kamfanin IBM. A can aka damƙa masa ragamar System/360, jerin kwamfutoci manya da ƙanana da manhaja ɗaya za ta iya aiki a kansu duka. Kafin nan, duk wanda ya sauya na'ura, yawanci sai ya sake rubuta manhajojinsa. IBM ya zuba kusan dala biliyan 5, aka kuma ƙaddamar da na'urorin a Afrilun 1964. A wannan aiki ne Brooks ya yanke shawarar a ware wa kowane harafi gurbi takwas maimakon shida, don ƙananan baƙaƙe su samu wuri. Wannan ma'auni, wato bayit, da shi ake lissafin datar da kuke saya a waya har gobe.

To amma babbar manhajar da ke tafiyar da na'urorin, OS/360, ta ba su ruwa. Ta makara, ta ci kuɗi ninkin ba ninkin abin da aka ƙiyasta, ta kuma fito da kurakurai. Brooks da kansa ya faɗi haka a rubuce.

A 1964 ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, ya shugabance shi shekara 20. Ya tafi da wata tambaya da shugaban IBM, Thomas Watson ƙarami, ya yi masa: me ya sa aikin manhaja ya fi ƙera na'ura wuyar sarrafawa? Amsar ba ta fito ba sai a 1975, cikin littafinsa The Mythical Man-Month.

Ga jigon amsar. Idan ciyawa ta ci gona, sai a kira gayya, kowa ya kama kunyarsa, kafin la'asar an gama. Manhaja ba ta karɓar gayya. Sabon zuwa sai an koya masa inda aka kwana, kuma masu koyarwar su ne waɗanda aikin ke hannunsu. Sannan abin da wannan ya rubuta dole ya dace da na wancan. Mutum biyar, hanyoyin magana tsakaninsu goma ne. Mutum hamsin kuwa, hanyoyin sun kai 1,225. Shi ya sa tura ƙarin ma'aikata kan aikin da ya riga ya makara kan ƙara masa jinkiri. Ya kuma ba da shawarar a ware sulusin lokaci ga tsarawa, rabi ga gwaji, rubuta manhajar kanta kashi ɗaya cikin shida kawai.

Ku lura da abin da ya faru. Da bai sha wuyar OS/360 ba, da ba shi da abin faɗa. Da kuma ya ci gaba da zama a kamfani, da wuya ya samu sararin zama ya tantance inda gizo ke saƙar, domin kamfani yana gama wannan aiki wani yake jira.

Bincikensa ma bai rabu da wannan tarbiyya ba. A ganinsa, masanin kwamfuta mai ƙera kayan aiki ne, kuma nasararsa tana ga masu amfani da kayan. Don haka ya haɗa kai da masana sinadarai, shi da ɗalibansa suka ƙera na'urar da ke sa mai bincike ya ji a hannunsa yadda ƙwayar magani ke mannewa da furotin. A 1999 aka ba shi lambar yabo ta Turing, mafi girma a fannin.

Ba kowane injiniya ne ya iya koyarwa ba, wannan gaskiya ne. Amma jami'ar da ba ta auna malami sai da yawan takardun da ya wallafa tana rufe ƙofa ga wanda ya taɓa jagorantar aiki ya ga yadda yake lalacewa. Jami'o'inmu suna tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni. Ya kamata malamai ma su samu irin wannan dama, ƙwararrun kamfani kuma a buɗe musu aji ko da na zango ɗaya ne. Ɗalibin da ya ji daga bakin wanda abin ya faru da shi yadda jadawali ke rushewa, shi zai iya ce wa maigidansa a rage buri ko a ƙara lokaci, tun kafin kuɗin jama'a su salwanta.