ZARE: An taya kyamarata da tsada, na ce albarka

1/
Jama'a, makon jiya wani bawan Allah ya taya kyamarata Leica M9, tayin da ya hana ni barci kwana uku. Kuɗin zai biya min hayar shago har da canji. Jiya da daddare na kira shi na ce albarka. Ga dalilina, amma ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo. 🧵

2/
Ga waɗanda ba su san ta ba: M9 ta fito ranar 9 ga Satumba, 2009. Farashinta a lokacin kusan dala 7,000, kyamarar kaɗai ba lensi. Megafiksel 18 ce. Ba ta ɗaukar bidiyo, ba ta saita fokas da kanta, allon bayanta kuwa na tsohuwar wayarka ma ya fi shi kyau.

3/
Irinta ake kira renjifainda, wato mai auna tazara. Ba ta cikin lensi kake leƙawa ba, ta wata 'yar taga ce a gefe. A tsakiyar tagar akwai ɗan fili mai haske inda abu yake rabuwa biyu. Sai ka murza lensi har biyun su hau kan juna. Da sun zama ɗaya, fokas ya zauna, sai ka danna.

4/
To me ya sa mutum mai hankali zai so wannan wahalar? Ƙarama ce, ba ta rufe maka fuska. Ta tagar kana hango wanda zai shigo hoton tun kafin ya shigo. A Kasuwar Kurmi in na ɗaga babbar kyamara kowa sai ya gyara hula ya ƙame. In na ɗaga wannan, ciniki ci gaba yake yi.

5/
Sai kuma launi. Sensar da ke cikinta irin CCD ce da Kodak ya ƙera. In akwai hasken rana mai kyau, yadda take fito da baƙar fata da shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata, ni dai ban samu haka a wata kyamarata ba. Wannan ra'ayina ne, kada masu Sony su taso min. 😅

6/
Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A kan sensar akwai wani siririn gilashi mai tace haske. A M9 da 'yan uwanta (M9-P, M-E da Monochrom ta farko) danshi yana iya cin wannan gilashin. Masu kyamara suna ce masa tsatsa, duk da ba ƙarfe ba ne. Yana fitowa a hoto kamar ɗige-ɗige.

7/
Wannan ba jita-jita ba ce. Kamfanin da kansa ya amsa matsalar a 2014, ya riƙa canja sensa kyauta. A 2015 ya fito da sabuwar sensa da aka gyara gilashinta. Daga Agustan 2017 kyautar ta koma ga wanda kyamararsa ba ta wuce shekara biyar da saye ba.

8/
A 2020 kuma aka sanar an daina canjin gaba ɗaya, saboda an daina ƙera sensar. Ka ji fa. Ko kana da kuɗin, ko ka aika ta Wetzlar a Jamus inda kamfanin yake, sabuwar sensa babu. Akwai masu gyara masu zaman kansu a Amurka da suke canja gilashin kaɗai, amma da dala za ka biya.

9/
Ni tawa ta hannu na saya. Ranar da na karɓe ta zumuɗi ya hana ni tambayar abu ɗaya da ya fi komai: takardar da ke nuna an canja mata sensa, da shekarar da aka canja. Ban tambaya ba. Laifina ne, ba na kowa ba. In za ka sayi irinta, fara da wannan tambayar kafin gaisuwa ta ƙare.

10/
Bayan hunturun bana na ɗauki hoton sararin sama a f/16, wato na tsuke ƙofar lensi sosai, don a nan duk wani datti yake tona kansa. Na buɗe a kwamfuta, sai ga ɗigo wajen bakwai. Wallahi cikina ya ɗuri ruwa. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare.

11/
Na ɗauko 'yar robar hura iska na hura sensar, na sake ɗauka. Biyar sun ɓace, biyu sun canja wuri. Ƙurar hazo ce kawai. Bambancin kenan: ƙura tana motsi in an hura, tsatsa tana nan daram inda take, kuma ƙaruwa take yi. Tawa lafiya lau har yau, alhamdulillah.

12/
Amma tun daga ranar tsoro ya shige ni. Na sa ta a akwati. Sallah ta zo ta wuce ban fito da ita ba. In hadari ya haɗo sai in ce danshi, in iska ta taso sai in ce ƙura. Wata huɗu tana kwance kamar zinaren amarya. Ana cikin haka wannan tayin ya zo.

13/
Bari in faɗi hujjar masu cewa in sayar, don hujja ce mai ƙarfi. Na ɗaya: in ta lalace, nan kusa babu inda zan kai ta. Yaran Farm Centre gwanaye ne a waya, na yarda, amma wannan ba aikinsu ba ne. Aikawa waje kuma kuɗin jirgi, kuɗin gyara, ga jira na watanni.

14/
Na biyu: duk wannan lissafin da dala ne, ni kuwa naira nake samu, kuma dala ta daɗe da haura naira dubu. Na uku: yau tana da daraja, ranar da ɗigon farko ya bayyana farashinta zai faɗi ƙasa warwas. Na huɗu: ramin memori ɗaya gare ta. Kati ya ci amanarka, hotuna sun tafi.

15/
Maigidana da ya koya min hoto ya ce min, "Kai yaro, kayan aiki ba budurwa ba ce. Kuɗin nan zai saya maka sabuwa fil a kwali, da garanti, mai ramin kati biyu, mai bidiyo." Na ce, "Oga, gaskiyarka." Kuma har yanzu ban ce ya yi kuskure ba.

16/
Sai na kira mai tayin. Kafin mu je ga maganar kuɗi na ce, "Alhaji, akwai abin da ya kamata ka sani." Na zayyana masa batun sensa, na ce ba ni da takardar canji. Ashe bai taɓa jin labarin ba. Jan tambarin nan na gabanta ya gani ya ƙyasa.

17/
Ya ce zai bincika. Washegari ya dawo da sabon tayi, ya zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku. Ban ji haushi ba, don wannan shi ne farashinta na gaskiya. Na farkon farashin rashin sani ne. Da na karɓa na yi shiru, tsorona kawai na sayar masa a ɓoye, kuma ba zan ci wannan da daɗi ba.

18/
A nan na zauna da biro da takarda. Na daina tambayar kaina "za ta lalace?" don amsar a fili take: eh, wata rana. Duk kyamarar dijital kwamfuta ce da aka sa wa lensi. Tambayar da na koma yi ita ce: in ta mutu gobe da safe, me zai tsaya a rayuwata?

19/
Na lissafa ayyukan da suka kawo min kuɗi bara: ɗaurin aure, kamu, suna, walimar sauka, hoton kayan 'yan kasuwa. Duka da ɗaya kyamarar na yi su, mai fokas da kanta. M9 ko sisi ba ta taɓa kawo min ba. In ta mutu, babu amaryar da za ta yi kuka, babu alƙawarin da zai karye.

20/
Sai na lissafa hotunan da na wanke na rataye a ɗaki, waɗanda ba wanda ya biya ni. Kakata tana tsinkar zogale. Wani dattijo mai ɗinkin hula a bakin masallaci. Ƙanena ranar da ya fara koyon keke. Kusan duka da M9 ne, saboda ita ce nake rataya in fita ba da niyyar aiki ba.

21/
Abin da na gane ke nan. Wata huɗun da na ɓoye ta don kada ta lalace, babu bambanci da a ce ta riga ta lalace. Hoto ko ɗaya ban samu ba, kuɗin ban samu ba, ga fargaba a kai. Cikin zaɓi uku, sayarwa, amfani da ita, ko ɓoyewa, na ɗauki mafi muni ina ganin dabara ce.

22/
Wani abin da ya kwantar min da hankali shi ne lensi. Bakin da ake ɗaura lensin M bai canja ba tun M3 ta 1954. Lensi ƙarfe ne da gilashi, babu abin da zai ƙone a ciki. In M9 ta tafi, lensina zai hau wata M, ko in sa masa adafta ya hau Sony ko Nikon marar madubi.

23/
Don haka in kana da kuɗin da za ka zuba a wannan harkar, ka fahimci inda dukiyar take. Lensi shi ne fili, kyamarar dijital kuwa mota ce. M3 mai fim da ta haura shekara sittin har yau ana gyara ta, don giya ce da sifirin. Tsada ba ta sa lantarki ya dawwama.

24/
Kuma bari in faɗi gaskiya a kaina. Akwai son a sani a ciki. Ka rataya Leica, ka tuna Henri Cartier-Bresson da irinta ya yi suna, sai ka ji kai ma wani ne. Na tambayi kaina: in aka liƙe jan tambarin da baƙin salatif, zan ci gaba da son ta? Na liƙe. Ina son ta.

25/
To na riƙe ta, amma da sharuɗɗa. Ba za ta je aikin kowa ita kaɗai ba, ranar auren mutum ba wurin gwajin sa'a ba ce. Da damina tana kwana a roba mai murfi da ƙullin silika, irin na cikin kwalin takalmi. Ba na cire lensi a cikin hazo. Ba na goge sensa da hannuna, hurawa kawai.

26/
Duk farkon wata zan ɗauki hoton sama a f/16 in duba, sau ɗaya, ba kullum ba, don kada abin ya zama waswasi. Hotuna ina kwashe su a ranar, in ajiye wuri biyu. Kuma na buɗe ɗan asusu ina jefa wani abu duk wata. In ranar ta zo, ko gyara ko madadi, ba zan ci bashi ba.

27/
Kada wani ya karanta wannan ya ce na ce kowa ya riƙe tasa. In ita ce kyamararka ɗaya tilo kuma da ita kake ci, sayar. In da bashi ko kuɗin adashi ka saya, sayar. In akwai larura a gida, sayar. Da Umma ce ba lafiya, ko tayin da aka zaftare ɗin zan sallama ban waiwaya ba.

28/
Ni hayar shagon zan iya haɗa ta da aikin biki biyu ko uku, da ɗan matse aljihu. Wannan ne ya ba ni damar cewa albarka, ba jarumta ba. Abu mai tsada da ba shi da tabbas, wanda zai iya jure rashinsa ne kawai ya kamata ya riƙe shi. In rashinsa zai durƙusar da kai, ya fi ƙarfinka.

29/
In kuma za ka sayar, don Allah ka faɗi aibin. Ka nuna hoton gwajin sama, ka faɗi ko akwai takarda ko babu. Mai saye kuma kada kunya ta hana ka cewa a ba ka katin ka duba a kwamfuta, don a ƙaramin allon bayanta ba za ka ga komai ba. Haka yake ga waya, haka ga laftof.

30/
Alhajin ya ce in na canja shawara lambarsa tana nan. Oga kuma ya girgiza kai ya ce yaran yanzu sai addu'a. Batir yana caji, gobe da sassafe in Allah ya kai mu ina Ƙofar Mata kafin rana ta take. Zan saka abin da na samo a ƙasan zaren nan.

31/
Ku fa? Akwai abin da kuka kashe wa kuɗi da yawa har tsoron lalacewarsa ya hana ku morarsa? Masu M9 musamman, wace shekara aka canja muku sensa, kuma ya take bayan damina? Ku ajiye min a ƙasa, ina karantawa.