HIRAR WATA: Silima masu sa hawaye, da takardun da ke cikinsu



Akwai silimar da ake kallo don dariya. Akwai ta dambe da harbe-harbe. Akwai kuma wadda in ta ƙare, mutane su tashi shiru, kowa yana goge ido da bakin riga, ba mai duban ɗan'uwansa. A kan irin wannan ta ƙarshe hirar watan nan za ta tsaya.

Da can, mai son kallo sai ya shiga birni, ko ya jira ranar da motar majigi za ta zo ƙauye. Yau ana kallo a talabijin, da gidan kallo, da wayar hannu. Amma tambayar tana nan yadda take: wace silima ce ta fi ban tausayi, kuma mene ne ke sa babban mutum kuka a kanta?

A Nijar akwai guda da ta isa a fara da ita. Sunanta Tula. Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015, shi ya yi ta a zamanin babban farin 1973 da 1974. Ya ɗauko labarin daga rubutun Bubu Hama. Fari ya sauka a wata ƙasa, rijiyoyi suka ƙafe, bisashe suna mutuwa. Boka ya ce wa sarki ba za a samu ruwa ba sai an ba aljanin tafki budurwa. Aka zaɓi Tula. Saurayinta ya fita neman ruwa don ya cece ta. Ya samo, ya komo da albishir, ya tarar an riga an ba da ita. Duk makiyayin da ya taɓa tsayawa bakin busasshiyar rijiya da garkensa ya san zafin wannan labari.

To, fari daga Allah yake. Amma akwai wasu silima uku da baƙin cikinsu ya fito daga hannun mutum. A cikin kowace guda akwai takarda, akwai kuma wanda bai iya karanta ta ba. Ga su.

Ta farko: takardar bashi

Sunanta Mother India, wato Uwar Indiya. Mahbub Kan ya yi ta a ƙasar Indiya a 1957. Tsawonta ya kusa awa 3. Ta yi shekaru da yawa ana nuna ta a gidajen silima na ƙasar Hausa, har tsofaffi da dama sun san labarinta ba tare da sun ji Indiyanci ba. Dalili kuwa, labarin manoma ne.

Wata yarinya, Rada, ta auri wani manomi, Shamu. Don a yi biki, uwar ango ta ci bashin rufi 500, kuɗin Indiya, wurin wani mai kuɗin ƙauye, Sukilala. Ta jinginar da gona, ta dangwala yatsa a takarda. A saninta, kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona za a riƙa ba shi. Da kaka ta yi, sai ya fito da takarda, ya ce kashi uku aka rubuta. Aka je gaban dattawan gari. Takarda da yatsa suka rinjayi bakin tsohuwa.

A yi lissafi. In gona ta ba da dami 100, mai kuɗi ya kwashe 75, a bar wa mai noma 25. Kuma wannan duka ruwan bashi ne. Uwar kuɗin, rufi 500, tana nan ba ta motsa ba.

Shamu ya ce bari ya share wani fili mai duwatsu don ya ƙara noma. Wani babban dutse ya danne masa hannu biyu, ya rasa su. Kunyar zama a ciyar da shi ta sa ya bar gida da dare, ba a sake ganinsa ba. Uwarsa ta mutu. Shanun noma suka tafi. Ambaliya ta cinye gari da amfanin gona. Cikin ƴaƴan Rada huɗu, biyu suka mutu. Mai kuɗi ya ce zai ba ta abinci in ta ba da kanta. Ta ƙi. Ta sa kafaɗarta ta ja garma a maimakon sa, ta reni sauran biyun, Ramu da Birju.

Birju ya girma da fushi a zuciya. Wata rana ya ce a nuna masa littafin lissafin bashin. Aka miƙa masa. Ya buɗe, bai iya karanta ko layi ɗaya ba. Daga baya ya shiga daji ya zama ɗan fashi. Ranar auren ɗiyar Sukilala ya komo, ya kashe mai kuɗin, ya ɗauki amarya bisa doki. Rada kuwa ta riga ta yi alkawari ba za a taɓa mutuncin ɗiyar kowa a garin ba. Ta kira shi, bai tsaya ba. Ta ɗaga bindiga ta harbi ɗanta. Ya cika a hannunta, yana miƙa mata awarwaronta na aure da ya ƙwato daga jingina.

A nan ne gidan silima ke cika da kuka. Amma mai hankali ya koma farkon labarin. Ba da bindiga aka fara ba. Da yatsa guda aka fara, a kan takardar da ba a karanta ba.

Ta biyu: wasiƙar uwa

Wannan daga Senegal take. Usman Samben ya yi ta a 1966, da sunan Faransanci La Noire de..., wato baƙar yarinyar wasu. Samben bai yi nisa a lakkol ba. Ya yi aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai, a Faransa, can ya fara rubuta littattafai. Da ya ga yawancin mutanensa ba su iya karanta abin da ya rubuta ba, sai ya koyi aikin silima. Yana ɗaukarta kamar makarantar dare. Ya rasu a 2007.

Wata budurwa, Diwana, tana renon yara a gidan wasu Turawa a Dakar. Da za su koma gida, suka kira ta Faransa, wani gari na bakin teku da ake ce wa Antib. Ta tafi da murna, tana cewa za ta ga duniya. Da ta isa, ba reno, sai shara da wanki da girki. Ba ta fita, ba ta san kowa ba, ba wanda za ta yi hira da shi da harshenta.

Ran nan wasiƙa ta zo da sunan uwarta. Diwana ba ta iya karatu ba. Maigidan ne ya buɗe, ya karanta mata. A ciki ana ƙorafi cewa ta manta da gida, ba ta aiko da kuɗi ba. Sai ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta amsa da bakinta, wai tana lafiya. Ita kuwa ta san uwarta ma ba ta iya rubutu ba, wani ne ya rubuta mata. Ke nan uwa da ɗiya, kowace maganarta tana hannun wani. Ta yayyage wasiƙar. Ba a daɗe ba, baƙin ciki ya kai ta ga kashe kanta. Allah ya kiyaye.

Baturen ya kai akwatinta Dakar, ya miƙa wa uwar kuɗi. Uwar ta juya baya, ta ƙi karɓa. Asalin wannan labari ba ƙage ba ne. Abu ne da ya faru, Samben ya gan shi a wata jaridar Faransa.

Gidaje nawa ne a ƙasar nan ke da ɗa ko ɗiya a ci-rani? Yau akwai waya, ana jin muryar juna. Amma saƙon kuɗi, da takardar aiki, da takardar tafiya, har gobe a rubuce suke zuwa.

Ta uku: manda

Ita ma ta Samben ce, ta 1968. Sunanta Mandabi, wato manda, takardar aiken kuɗi ta gidan waya. Ya yi ta da harshen Wolof don talakawa su ji da kunnensu.

Ibrahima Diyeng magidanci ne a Dakar, mata 2, ƴaƴa 7, ba aikin yi. Ɗan ƴar'uwarsa da ke sharar titi a birnin Pari ya aiko da manda ta sefa 25.000, wato jika 25. Jika 20 ajiyar yaron ce, jika 3 na uwarsa, jika 2 na Ibrahima. Kafin ya karɓi ko dala, labari ya bazu. Gidansa ya ci bashin shinkafa a kanti. Maƙwabta suka yi layi, kowa da buƙatarsa.

A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Wurin katin shaida aka ce sai da takardar haihuwa da hoto. Wurin takardar haihuwa aka tambaye shi ranar da aka haife shi, bai sani ba. Kowace ƙofa ya je sai ya kashe kuɗin da ba shi da su. A ƙarshe wani ɗan boko mai kwat da mota, Mbay, ya ce zai taimake shi. Ya sa shi ya sa hannu a takardar wakilci. Ya je ya karɓi kuɗin, ya komo ya ce ɓarayi sun yanke masa aljihu.

A wannan silima ba wanda ya mutu. Da farko ma dariya ake yi. Amma ganin dattijo mai mutunci, da babbar rigarsa, ana juya shi daga tebur zuwa tebur kamar yaro, har dariyar ta tsaya a wuya. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tebur da takarda a hannu, yana jiran wani ya gaya masa abin da ke ciki, shi ya san inda abin ke taɓawa.

Abin lura

Kada a ce laifin tsohuwa ne, ko na Diwana, ko na Ibrahima. Kunya tana kan macuci. A duba kuma: Sukilala ya iya lissafi, Mbay ya yi lakkol. Ilimin da ba tsoron Allah a cikinsa wuƙa ce a hannun mugu. Karatu ba ya sa a yi ruwa, ba ya tare ambaliya. Abin da yake yi shi ne ya hana a ƙara wa mutum wuta bisa wadda yake ciki.

Hausawa sun ce gani ga wani ya isa wani tsoron Allah. Saboda haka ga abubuwa 5 da ya kamata kowane gida ya riƙe:

1. Kada a dangwala yatsa a takardar bashi, ko ta jinginar gona, ko ta sayar da bisa, sai an karanta ta daga sama har ƙasa.

2. Mai karantawa ya zama na wajen mai cin bashi, ba na wajen mai bayarwa ba. In da hali, mutum biyu su karanta, kowa daban.

3. A tambaya a fili: nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ƙari, yaushe biya zai ƙare? A rubuta da lamba, gaban shaidu. Kowane ɓangare ya riƙe tasa takardar.

4. In an yi haihuwa, a je a rubuta yaro da wuri, a karɓo takardar haihuwarsa, a ajiye ta inda gara da ruwa ba su kai.

5. Wanda ya koyi karatu, in maƙwabci ya kawo masa takarda, ya karanta masa tsakani da Allah. Kada ya rage, kada ya ƙara, kada ya kai sirrin mutum dandali.

Wanda ya kai ƙarshen wannan shafi da idonsa, ko da yana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya riga ya mallaki abin da Birju ya rasa ranar da aka miƙa masa littafi. Saura ya ja hannun wani. Aiki ya yi sauƙi bayan kaka, dare yana da tsawo. Maigida ya je makarantar yaƙi da jahilci, ya bar uwargida da ƴanmata su ma su je. A tuna, cikin labaran nan uku, biyu a kan mata abin ya faɗa.

Kuka a gaban silima ba abin kunya ba ne, alamar zuciya mai rai ce. Amma in an share hawaye, a ɗauki alli da allo.

Allah ya raba kowa da mugun bashi da mugun wakili. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.