Jinin Da Ba Na Al'ada Ba

A shirye-shiryen amsa tambayoyin addini na gidajen rediyonmu, akan karanta saƙon wata baiwar Allah da ke cewa tana ganin jini bayan ta sadu da maigidanta, alhali kwanakin al'adarta ba su zo ba, tana neman sanin hukuncin sallarta. Malam yakan bambance mata haila da istihala, kuma ya sauke nauyin da ke kansa. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa maganar a nan take tsayawa. An warware matsalar salla, amma babu wanda ya tambayi daga ina jinin ya fito.

Bari in fara da kwantar da hankali, domin tsoro ma yana hana mutane zuwa asibiti. Mafi yawan dalilan wannan jini ba masu kisa ba ne. Akwai matan da fatar cikin bakin mahaifarsu mai taushi kan leƙo waje, musamman masu ƙuruciya da masu juna biyu da masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da an ɗan goge ta sai ta yi jini. Akwai ƙaramin tsiro da kan fito a bakin mahaifa, wanda likita kan cire cikin 'yan mintoci. Akwai bushewar gaba ga mai shayarwa ko wadda ta daina al'ada. Akwai kuma ciwon sanyi da danginsa, waɗanda ba sa warkewa sai an yi wa miji da mata magani tare, a gidan mai mata fiye da ɗaya kuwa har da abokan zama. Ba zan tsallake masu cusa alif da sauran haɗe-haɗen matsi da ake tallatawa da sunan kayan mata ba. Abin da ya busar da fata ya tsuke ta, shi ne kuma zai sa ta tsage.

Akwai wani dalili da ya kamata mu mutanen karkara da bakin madatsun ruwa mu sani, wato tsargiya. Mun saba ɗaukarta cutar yara maza masu fitsarin jini, amma ƙwayayen tsutsarta suna maƙalewa a bakin mahaifa da gaban macen da ta taso tana wanka da wanki a kududdufi ko magudanar noman rani. Shekaru bayan ta bar ƙauye sai ta riƙa ganin jini bayan saduwa, a yi ta ɗura mata maganin sanyi a kemis, wani lokaci ma miji ya fara zarginta. Maganin kuwa ƙwaya ce mai suna praziquantel, irin wadda ake rabawa a makarantun firamare. Mace ta gaya wa likita irin ruwan da ta yi mu'amala da shi tana yarinya, domin ba kowane likita ne zai tuna ya tambaya ba.

Sai babban abin fargaba, sankarar bakin mahaifa, wadda jini bayan saduwa kan zama alamarta ta farko. Ita ce ta biyu a yawa cikin sankarar da ke kama matan Najeriya, bayan ta mama. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta nuna mata kusan 12,000 sun kamu, kusan 8,000 sun rasu. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara. Wannan dogon lokaci rahama ne, domin gwaji mai sauƙi yana iya gano canjin tun bai yi nisa ba, a ƙona wurin ko a kankare shi. Tun watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta a ƙasar nan. Matan da suka riga suka girma kuwa, gwajin ne garkuwarsu.

A ganina nauyin ya fi hawa kan maza. Bayan matar, miji ne mutum na farko da ke ganin jinin nan, kuma a yawancin gidajenmu izinin fita da kuɗin mota suna hannunsa. Kunya ado ce, amma ba a gaban ma'aikaciyar jinya ba, kuma wanda bai yarda namiji ya duba iyalinsa ba yana iya neman likita mace ko ungozoma.

Ɗan ɗigon jini a daren farko, wanda ya tsaya da kansa, ba abin tashin hankali ba ne. Idan kuwa abin ya maimaitu, ko ya zo da ruwa mai wari, ko ciwon mara, ko zafi lokacin saduwa, to a je a duba bakin mahaifa da ido, kada a tsaya ga rubuta magani kawai. Wadda ta daina al'ada, ko sau ɗaya ta gani ta je cikin makon. Mai juna biyu, da wadda jinin ya ƙi tsayawa har yana jiƙa ƙunzugu cikin sa'a guda, da wadda ke jin jiri ko zazzaɓi, waɗannan ba sa jiran gari ya waye.